Bidiyon Tasha da Na Tura

Angona,

Yau babu "ga ta nan ga ta nanku", kakarka ta yi ɓarna. Na ga kana barcin gajiya, ban tashe ka ba.

Da safe aka turo min bidiyon faɗan tasha, an sari wani saurayi, jini ko'ina. Ko ƙarshensa ban gani ba na tura zauren matan unguwa na waya, wai kowa ta ja wa ɗanta kunne. Ashe ƙanen maƙwabciyarmu Mai Kitso ne, ita ma tana cikin zauren. Dattawa suna hanya za su faɗa mata a hankali, ni da gaggawata na riga su. Rigarsa ta gane. Da ta kira ni, abin da ta ce kawai, "Iya, har da ke?"

Wayar tana ƙarƙashin filona. Ka goge bidiyon daga zauren, ka kai ƙararsa wurin masu manhajar, ni ban san inda ake dannawa ba. Kada ka kalla, kada ƙannenka su taɓa wayar.

Na tafi gidansu. Yaron ya rasu, Mai Kitso ba ta yi wa kowa magana, ni kuma zan zauna a bakin ƙofarta har ta yarda ta dube ni.

Kakarka