Gefen Hagu

Litinin, 3 ga Maris

Sinkin kicin ya tsage. Ba yau ya fara ba, na dai tara masa bokiti a ƙasa ina yi kamar ban gani ba. Yau Auta ta zo ta taka ruwa da safarta, asiri ya tonu. Wai, "Baba, wannan abin fa ya girme ni." To sai me? Ni ma na girme ki, ba a jefar da ni ba.

Laraba, 5 ga Maris

Mai gyaran famfo ya ƙwanƙwasa, ya girgiza kai. Ba zai liƙu ba, sai sabo. Ya tambayi wanda ya kafa shi ƙasa haka kamar na yara. Ni ne. Marigayiya matata gajera ce, ranar kafawa na sa ta tsaya magini ya auna daidai ƙugunta, tana ta mita wai na mai da ita abin awo. Shekara talatin da ɗaya ina sunkuyo a kansa. Na ce wa mai famfo kuskuren magini ne. Allah ya yafe mini.

Alhamis, 6 ga Maris

Rami biyu gare shi. Ita a hagu da soso da kumfa, ni a dama ina ɗauraya ina kifewa. Da an yi sallama sai in goge hannu in ruga falo in ɗauki jarida, kada yayyena su sami abin faɗi. Wata rana a juye na riƙe jaridar, marigayiya ta yi sati tana min dariya.

Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarta, a dama nake wankewa, a dama nake ɗaurayewa. Hagu a bushe yake. Ban taɓa tsayawa wurin ba, kuma ba na so.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ta ja ni shago. Ga na silba, ga na tangaran, ga wani mai zurfi da za a iya wa jariri wanka a ciki. Ina cikin shafa wani, mai shagon ya ce, "Baba, ku nawa ne a gidan?" Auta ce ta amsa. Ya ce, "Mutum ɗaya ai mai rami ɗaya ya ishe shi."

Na ce masa silbar tasa ko gwangwanin madara ya fi ta kauri, na fice. Wallahi silbar ba ta yi komai ba.

A mota Auta ta ce, "Baba, ba Mama za a cire ba fa." Na ce ta kula da titi.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban wanke komai ba. Kofi uku da faranti biyu suna kallona.

Talata, 11 ga Maris

Na koma ni kaɗai. Na ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya da bayan yatsa, yadda marigayiya take yi wa tukunya kafin ta saya, na ɗauki wanda bai yi ƙara ba. Na silba, mai rami biyu. Mai shagon ya yi hankali yau, cewa kawai ya yi, "Saboda baƙi ko, Baba?" Na ce eh.

Alhamis, 13 ga Maris

An kafa. Na ce a bar shi a tsayinsa na da, mai famfo ya ce, "Bayanka fa?" Kafin in amsa ya ɗora min awo a ƙugu. Ban yi mita ba, ya kafa shi daidai tsayina. Da za su fita da tsohon na shige ɗaki, ban iya kallo ba.

Ya ce kada ruwa ya taɓa ramin dama sai jibi, gam ɗin bututun bai kama ba. Ga kwanuka sun taru har kan murhu.

Juma'a, 14 ga Maris

Dole ta sa na tsaya a hagu. Na matsa soso, na ɗaga kai.

Ashe daga nan taga tana kallon ƙofar gida, har kwanar layi. Daga dama bango kawai ake gani da igiyar shanya. Shekara talatin da ɗaya in dawo aiki in tarar da shayi yana tururi, in ce ya aka yi kika sani, ta ce, "Jikina ne ya ba ni." Ni kuma, sakarai, har alfahari nake da ita a wurin aiki. Kai, matar nan! Na yi dariya har na riƙe bakin sinkin, daga baya kuma ba dariya ba ce.

Na gama kwanukan duka. Bayana bai yi ciwo ba, amma ba zan gaya wa mai famfo ba.

Ina kife na ƙarshe na hango motar Auta ta shawo kwana. Na ɗora buta. Ta shigo ta ga kofi biyu, ta ce, "Baba, ya aka yi ka san ina tafe?"

Na ce jikina ne ya ba ni.