Zazzaɓin Munzali Ba na Sauro Ba Ne

Maruta, Gwaram.

Zuwa ga ƙanena Malam Jafaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka a can Fatakwal. Mu nan mun gode wa Allah. An shigar da dawa rumbu, Inna kuma tana nan da ɗan ƙarfinta, sai dai gida ya yi mana faɗi tun rasuwar autana Munzali. Akwai maganar da na kasa faɗa maka ranar da ka yi mini ta'aziyya ta waya, domin muryata ba za ta ɗauka ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ciwon ya faro ne da farkon damina: zazzaɓi da yamma, gumi har ya jiƙa tabarma, ga ciwon baya da gwiwoyi. Yakan lafa har yaron ya koma kiwo, sannan ya dawo. Mai kyamis ya ce na sauro ne, aka sha magani. Da ya dawo aka ce taifot ce, aka yi allurai. Haka muka yi ta kewaye, har saurayin da yake kayar da bijimi shi kaɗai ya zama sai an riƙe shi yake alwala.

Da numfashi ya fara gagararsa muka kai shi asibiti a Birnin Kudu. Wata likita ta daɗe tana sauraron ƙirjinsa, sannan ta yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi: ko muna da shanu, kuma ko sun yi ɓari bana. Na ce wasu sun yi, amma ai bakkale ce, ciwon shanu da muka sani tun kakanni. Ta ce ciwon yakan haura kan mutum ta ɗanyar madara, ko ta hannun da ya taɓa mabiyiyar saniya, kuma gwajin da aka saba yi ba ya nuna shi. Ta sa aka ɗebi jininsa aka ajiye a kwalba a wuri mai ɗumi, domin ƙwayar cutar ta tsiro a gane ta. Ta ce irin wannan ba ta saurin tsirowa, don haka ta fara ba shi magani a kan zato, amma ta gaya mini a keɓe cewa abin ya riga ya taɓa zuciya. Sakamakon bai fito ba sai bayan sadakar bakwai. Sunan ƙwayar burusela.

Ga abin da ya fi ci mana rai. Da yaron ya rame, mahaifiyarsa Barira takan tatso masa madara kullum da safe ta ba shi da ɗuminta, kamar yadda Inna take yi mana in mun kwanta, domin mun taso a kan cewa tafasawa tana kashe ƙarfin madara. Yanzu ta kife ƙwaryar, ba ta ko kallonta. Na ce mata ajali ba ya wuce lokacinsa. Ta ce ta sani, amma hannunta ne ya miƙa.

Jafaru, lokacin da kuka zo Babbar Sallah, 'yarka Murja ta sha daga wannan ƙwaryar tare da shi, ba sau ɗaya ba. Mai ɗakinka Sharifa kuma ta shaida wa Barira cewa zazzaɓin Murja yana tafiya yana dawowa, kuna ta maganin sauro. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ka kai Murja babban asibiti, ka faɗi maganar shanu da madara tun kafin a tambaye ka, ka kira musu sunan ƙwayar. In an sami cutar, tana jin magani, sai dai na makonni ne, kuma ba a dainawa don zazzaɓi ya sauka.

Nan gida an fara gwada kowa, kuma ba a ƙara shan madara sai an tafasa. Kawu Dabo ne ya ƙi a kira likitan dabbobi, wai abin kunya ne a ji garkenmu da ciwo. Yana jin maganarka, don Allah ka kira shi. Ina neman haɗin kan kowa, babba da yaro, na gida da na nesa, a kan wannan al'amari. Ni na binne nawa ban san sunan abin da ya ci shi ba. Kai ka sani, kada ka jira.

Ka gaishe da Sharifa da ɗanka Saifullahi, ka shafa mini kan Murja. Inna da Barira da 'yata Kubra suna gaishe ku. Allah Ya jiƙan Munzali, Ya tsare mana sauran.

Wassalam. Ni ne yayanka,
Iliyasu.