Sun Toshe Ƙarƙashin Gidanmu

Yaya Arkadi,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, bangon ɗakina ne dai ya tsage, har hannuna yana shiga.

Ka san a nan kan ginshiƙai ake gini, a bar iska tana ratsa ƙasa don kada ƙanƙarar cikin ƙasa da ke riƙe da gida ta narke. Sabon mai kula da gidanmu, ɗan kudu, ya sa aka toshe wurin da bulo, wai karnuka na kwana. Na ce, "Malam, nitsewa za mu yi!" Ya ce, "Ke injiniya ce?" Ni da na shekara sha ɗaya a garin nan!

Ka turo min zuma. Ka ce wa Mama ɗakina da ɗumi, ba ƙarya ka yi ba. Ɗumin ne ke cinye gidan.

Ƙanwarka,
Taisiya