Karen da Ya Faɗi Jarrabawa

Yaya Akuila,

Gaisuwa mai yawa daga garin Ballarat. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai yake tsattsaga min hannu wurin wanke ɗakunan karnuka. In an samu mai tahowa daga gida Fiji, a aiko min da man kwakwa.

Wani abu ya ɗaure min kai a wurin aiki. Karen tsere in ya daina gudu, sai ya ci jarrabawar hali kafin a ba wani ya riƙe shi a gida. Ana wucewa da ɗan kare mai gashi buzu-buzu ta gabansa, a ga ko zai kai masa cafka. Wani baƙin kare da muke kira Bosun ya kai cafkar, takunkumin bakinsa ne ya ceci ɗan karen.

Na ce wa shugabarmu Noelene, "Tun yana ɗan kwikwiyo ake koya masa bin tsumma mai gashi, ana yi masa tafi. Yau kuma ya zama laifi?"

Ta ce, "Ke Torika, ni na kafa dokar? Za a sake gwada shi. In ya kuma faɗuwa, kar ki tambaye ni inda za a kai shi."

Sai na roƙa aka bar ni na taho da shi ɗakina kafin ranar. Ashe bai taɓa ganin matakala ba, sungumarsa nake yi.

Inna kullum tana tambaya ko ina da abokin hira in na tashi daga aiki. Ka ce mata yanzu akwai. Ta sa shi a addu'a ranar Lahadi, ba sai ta gaya wa fasto ko wane ne ba.

Allah ya tsare min ku.

Ƙanwarka,
Torika