Fadamar Baffa a Taswirar Bature

Zuwa ga Baffa Haruna, Haɗeja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, da Goggo da yara. Yaya ƙafar taku? Kogi ya shigo fadama?

Abin da ya hana ni zuwa hutu, jami'a ce ta tura ni koyon aiki ofishin masu tsara madatsun ruwa a nan Ingila. Jiya shugaban ofishin ya shimfiɗa taswirar koginmu da suke shirin datsewa, ya ɗora yatsa daidai gonarku ta shinkafa. An rubuta wa wurin "ƙasar banza".

Ya ce, "Ke 'yar can ce. Akwai mai amfani da nan?"

Baffa, na san amsa. Na san kuna shuka da ruwan fari, ambaliya ta zo ta raini shinkafar, in ta janye masunta su shiga, sannan shanu. Amma shi zai rubuta mini takardar shaida, ga Turawa shida sun zuba mini ido. Sai na ce, "Ba sosai ba."

Ya yaba da hankalina. Shekara uku ina karatu, ashe abin da na ƙware a kai ke nan.

Yau na koma in gyara maganata, akawunsa ta ce rahoton aikin madatsar ya riga ya tafi. Na ja musu ƙofa a hankali, na fito.

Ku yafe mini, ku sa ni a addu'a. A gaida Goggo. In masu awon ƙasa sun zo, ku kai su gonar da kanku.

'Yarku,
Hajara