Tsuntsun da Ya Sauke Sunanka

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce autarka Hadiza, daga ɗakina a Azare, shekara biyu bayan an kai ka makwancinka.

Baba, takarda ta zo maka ranar Talata. Ta makarantar da maigidana yake koyarwa aka aiko ta, shi ya fassara mini.

Ka tuna malamin jami'ar nan da ya zo Katagum yana neman maharbin da ya san tsuntsayen fadama, kowa ya nuna masa ƙofarmu. Kai ka kama masa ɗan ƙaramin tsuntsun nan mai ruwan ƙasa da farin zane a saman ido. Ina leƙe ta bayan ƙyauren zaure kana feɗe shi da reza, ka cusa auduga, ka ɗinke. Ya yi ta juya shi, ya ce babu irinsa a littafi.

Bayan damina biyu ya aiko da shafi bugagge, sunanka a jikin na tsuntsun. Ran nan malmala uku ka ci. Ka ce, "Allah bai ba ni namiji ba, sai ya ba ni mai fiffike." Inna tana tankaɗe ta ce, "To ni yaya zan kira shi, tunda sunan ba ya faɗuwa a bakina?" Ka yi dariya har ka ƙware.

A aljihun babbar rigarka shafin ya tsufa. Masu shayi a tashar Gamawa ma sai da ka nuna musu.

Ga abin da sabuwar takardar ta ce. A wani gidan adana kayan tarihi a Turai suna ajiye tsuntsu na farko da aka raɗa wa kowane suna, da shi ake gwada na baya. Sun jawo durowa, sun kwantar da naka kusa da wani da aka harbo tun kafin a haifi mahaifinka. Sun auna baki, sun auna fiffike da jela. Babu bambanci. A ƙa'idarsu sunan da ya riga zuwa shi ake riƙewa. Naka za a mayar da shi ƙasa, cikin ƙananan haruffa, a jerin sunayen da aka daina kira. Tsuntsun kuma yana nan a durowa da jar takarda a ƙafa, shaidar suna wanda ba mai amfani da shi.

A littattafan da nake ɗaukowa haya a kasuwa, wasiƙar da ta makara alheri take kawowa. Shi ya sa na ce wa maigidana ya juya bayan takardar. Fari ne fat.

Ban faɗa wa Inna ba. Har yau tana watsa gero a tsakar gida da safe, in ta ga mai ruwan ƙasa ta ce, "Ga mutumin nan ya zo." Da wane baki zan gaya mata?

Baba, cikina wata bakwai. An yi mini alkawari in namiji ne sunanka zai ci. Na yi murna kwana ɗaya, sannan na tuna Abba za mu riƙa ce masa. Inna ba za ta faɗa ba, mu 'ya'yanka ba za mu faɗa ba, abokanka na farauta sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Littafin tsuntsayen nan ne kaɗai ba ya jin kunyarka, shi ma ya yi shiru.

Na so in rubuta sunanka a nan ko sau ɗaya, baƙi a kan fari. Na ɗora biro har tawada ta taru, hannuna ya ƙi.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka rayukan da ka ɗauka a fadama. Ranar da za a kira kowa da sunansa, Allah ya sa ka amsa naka da farin ciki.

Taka har kullum,
Hadiza