Ƙuri'ar Inna Indo

Furana

Yaya Ummuhani,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ke da maigidanki da Innarmu kuna lafiya.

Kin dai ji na fito takarar kansila a mazaɓar Furana. Abokin karawata, Austin mai gyaran famfo, yana yawo yana cewa ko uwar da ta haife ni ba za ta zaɓe ni ba. Gaskiya ce kuwa, tunda rajistar Inna a Kudan take. Don Allah ki sa ta a mota ta zo ta yi sabuwa a nan.

Ƙaninki,
Ismail

Kudan

Ismail,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Mai neman kansila bai san rajista biyu laifi ba ce? So kake a kama tsohuwa? Sauya wurin zaɓe ake yi, kuma mun je ofis an yi. Da ƙyar. Na'ura ta ƙi karɓar yatsanta saboda lallen bikin jikarta, sai da muka koma bayan ya koɗe. Wajen hoto ma'aikacin ya ce ta kalli gaba, ta ce ba ta haɗa ido da sa'an sirikinta.

Yanzu dai sunanta ya koma Furana. Ka gyara mata ɗaki, za ta iso kafin ranar zaɓe.

Yayarka,
Ummuhani

Furana

Yaya,

Bayan gaisuwa, na faɗi.

Ba wannan ya fi damuna ba. Wajen ƙirga aka ɗaga wata takarda an dangwala wuri biyu, jam'iyyata da ta Austin, aka ce ta lalace. Inna tana zaune a gaba, ta ɗaga hannu ta ce tata ce, a daina wulaƙanta ta. Jama'a suka yi ta dariya, har ɗan sandan da ke gadi. Yau kwana da kwanaki ban fita masallacin kasuwa ba.

Ki zo ki ɗauke ta.

Ismail

Furana

Ummuhani 'yata,

Ina gaishe ki. Martina matar Austin ce ke rubuta mini, ɗan'uwanki ya ƙi.

A layin zaɓe rana ta dake ni. Yarinyar nan Martina ta kawo mini kujera da ruwan sanyi, ɗan'uwanki kuwa yana can yana gaisa da manya. Ɗa nawa ne, ba zan hana shi ba. Amma ba zan sha ruwan mutum in fita da kunya ba. Shi ya sa na ba kowa nasa.

Kada ki wahalar da kanki da zuwa. Na tambaya, an ce ba za a sake sauya wurin zaɓe ba sai an buɗe wata rajistar. Tunda gwamnati ta rubuta ni a Furana, a nan zan zauna. Ki aiko mini da akuyoyina da tabarmata.

Allah ya yi miki albarka.

Innarki,
Indo